Tirelar Baba

Da aka ɗaure tayar ƙarshe, ƙanin ya yi tsalle bisa tirelar.

"Yaya, ta yi! Wallahi ta yi!"

Marigayi babansu ne ya ƙera ta, ta daɗe tana tsatsa a bayan gidansu a Dogon Dutsi. Wan, mai walda, shi ya kankare ta, ya sake mata ƙarafa da katako, don ta kai motar tseren ƙanin zuwa Yamai, inda za a yi gasa gobe.

Aka ɗora motar, unguwa na ta sowa. Sai tsohuwar motar wan, wadda za ta ja su, ta yi tari ta mutu. Aka yi ta turi, shiru. Ƙanin ya zauna ƙasa, ya dafe kai.

Wan ya dubi motocin biyu, ya fashe da dariya.

"Sauko da taka, mu ɗora tawa. A Dosso sai a gyara ta."

Ya manna wa motar tseren ƙugiyar jan tirela. Haka suka bar gari: ƙanin a gaba yana jan tirela, wan a sama cikin matacciyar motarsa, riƙe da sitiyari, yana ihu ta taga:

"Ƙara wuta, ƙanena, kada in wuce ka!"