Kafinta da Injin Wanke Kwanuka

Kai mai son gyara duk abin da ka gani, matso ka ji. Ni ko aji shida ban kai ba, amma wannan karatun masu digiri ma a wurina suke ɗauka.

An yi wani kafinta wanda matarsa ta shekara arba'in tana wanke-wanke a bakin rijiya bayan azahar. Da zarar kwanukan tasa sun fara kwaram-kwaram, sai ta ɗauko waƙoƙin ƙauyensu, na daka da na dandali, ƙasa-ƙasa, a zatonta ƙarar ta rufa mata asiri. Mace ce mai kunya, ko sunan mijin ba ta taɓa kamawa ba. Shi kuwa gogan yana zaure, ya ajiye zarto ya kasa kunne, yana tuna zamanin da take yarinya da ƙwaryar fura a ka. Bai taɓa nuna ya ji ba. Da sanyin ƙashi ya kama hannuwanta, 'yarsu ta aiko musu da injin wanke kwanuka daga birni. Inji ya zo da gurnani kamar babur mai fasasshen salansa. Tsohuwa ta samu sabuwar mafaka ta ci gaba da waƙarta, sai dai yanzu rabin baitin injin ke cinyewa.

Abin ya ci wa kafinta tuwo a ƙwarya. Ya yanko tsohuwar taya ya sa wa ƙafafun injin har ya daina rawa, ya ƙera masa akwatin katako, ya cusa soson katifa ta kowane gefe, ya raba cokulan da ke karo da juna. Inji ya koma kamar numfashin jariri. Daɗi ya kwashi mutumin, ya leƙa kicin yana bugun ƙirji: "Hajiya, bismilla! Yau kam waƙar nan ta dandali zan ji ta tas, har ƙarshe." Tsohuwa ta dafe baki. "Malam, dama kana ji?" Ta ja mayafi ta shige ɗaki. Kashegari ya ɓalle akwatin, ya zare soson, har ƙusa biyu ya jefa ciki don ƙarar ta ƙaru. Inji ya yi ta ruri har maƙwabta suka kawo kuka. Tsohuwa tana gefe tana tsintar shinkafa, bakinta gum, kuma ba ta ƙara yin waƙa ba.

Shi ya sa Bahaushe ya ce: garin neman gira, an rasa ido.