Gonar Da Ba Ta Shiga Gado Ba

Malam Hashimu, ka ce wasannin kwamfutar nan naka ne tunda ka saya. To zauna in ba ka misali, don na gaji da jin wannan magana a bakin mutane.

An yi wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane. Wan tela ne a gari, ƙanen kuma direban tirela, yau yana Kudu gobe yana Arewa. Abin da ya riƙe musu zumunci wani wasan kwamfuta ne da wan ya saya a kantin intanet, irin wanda ake noma da gini a ciki. Duk inda ƙanen ya yada zango, sai wan ya buɗe masa ya shigo, su yi shuka, su kewaye garke, suna hirar gida. Shekara da shekaru suna haka, har gonar ta zama ƙauye guda. Ana nan sai ajali ya riski telan. Ranar rabon gado aka fito da keken ɗinki da babur da 'yan tumaki. Ƙanen ya ce ya yafe wa marayu kasonsa in ma yana da shi, a bar masa kwamfutar kawai, don gonarsu na ciki.

Da ya kunna, sai ya tarar da asusun wansa na wasan a kulle. Ya tura wa kamfanin da ke da kantin saƙo. Suka nemi lambar wayarsa, ya bayar. Suka nemi katin shaidarsa da hoton fuskarsa, ya bayar. Suka nemi takardar mutuwa, ya sha zirga-zirga ya samo. Bayan ya gama tuɓe musu kansa, sai suka amsa masa cikin ladabi cewa marigayin bai sayi wasa ba, izinin bugawa ya saya, kuma izini ba a gadonsa. Sai direban ya mayar musu da saƙo ya ce, "To ku share abin da kuka sani game da ɗan'uwana." Wannan kam ba a amsa masa ba. Ya rufe kwamfutar ya koma kan hanya. Ita kuwa matar telan, tana cikin takaba wayar mijinta ba ta daina ƙara ba. Kantin ne ke kiransa da sunansa, yana cewa an kwana biyu ba a gan shi ba, ga sabon wasa irin wanda yake so, an yi masa ragi. Ta rasa yadda ake hana su, sai ta kashe wayar ta jefa a ƙasan akwati.

Ka ga, abin da suka sani na telan yana hannunsu har gobe, abin da ya ɗauka nasa ne kuwa ko ɗan'uwansa bai samu ya taɓa ba. Da ma Hausawa sun faɗa: kayan aro ba ya rufe katara.