Allurai a Bayan Hajo

Azumi na ƙaratowa, burin Nadiya ɗaya ne: mahaifiyarta Hajo ta samu ƙarfin tsayuwar tarawihi a Haramin Madina. Tsohuwar ba kwance take ba. Siririya ce dai kamar sillen kara, kuma tun da aka yi mata aikin zuciya take shan maganin tsinka jini. Ban da wannan lafiyarta lau, ita ke dama wa jikokinta kunu da safe.

A wajen shayin Alhamis na matan unguwar Khalidiyya maganar allurar Sin ta taso, siraran alluran nan da ake tsittsira wa jiki don a ji ƙarfi. Mai yin ta ba baƙuwa ba ce: Sundus ce, 'yar ƙanwar Hajo. A waya ta koya, ta sayo kwalin allurai, ta mai da ɗakin baƙinta asibiti. Babu malami, babu takardar izini. Baki kuwa Allah ya ba ta.

"Riga-kafi ne," Sundus ta ce wa Nadiya. "Ki kawo min Khala Hajo. Wallahi bana har tahajjud za ta yi ba ta nemi kujera ba."

 Mijin Nadiya, Sabiru, mai harhaɗa magunguna da ke aiki a garin Yanbu, ya sha jan kunnenta kada a yi wa Hajo komai sai an tambayi likitanta. Amma ta yaya za ta ce wa 'yar'uwarta a'a a gaban mata? Kara ta rufe mata baki, ta ce to.

Washegari da hantsi Hajo ta kwanta rub da ciki a gidan Sundus. Ba a tambaye ta ciwon da ta taɓa yi ba, ba a tambaye ta maganin da take sha ba. Sundus ta jera allurai daga wuya zuwa gadon baya. Da ta soka wata kusa da allon kafaɗa, tsohuwar ta zabura, ta cije leɓe.

"Ta samu wurin ke nan," Sundus ta ce tana murmushi.

Suna komawa gida tari ya fara. Hajo ta dafe ƙirji, numfashinta na fita guntu-guntu. Nadiya ta kira Sundus.

"Ba komai. Gajiyar ce ke fita. Ki ba ta zuma da ruwan ɗumi."

Aka ba ta zuma, abin sai gaba yake yi. Nadiya ta lalubo lambar Sabiru, sai Hajo ta cafke mata hannu.

"Kul, 'yar nan. Surukina za ki gaya wa na buɗe baya an soka min allura? Ba a yi haka a gidanmu ba."

A Madina aka haifi Hajo, ko hanyar Kano ba ta sani ba, amma kunyar suruki ta gaje ta cif daga iyayenta. Ba ta kiran sunan Sabiru, ba ta cin abinci a gabansa.

"Ummi, ba ki iya numfashi fa."

"Zai wuce. Ajiye wayar."

Nadiya ta ajiye. Ta zauna tana yi mata fifita, tsoro na cin ta.

Kafin la'asar leɓɓan Hajo sun yi baƙi, gumi mai sanyi ya jiƙa mata riga. Sai a lokacin aka kira motar asibiti.

Likitan da ya karɓe su, Dakta Yahya, mutumin Najeriya ne. Ya yi tambaya da Larabci, da ya ji Hajo na salati tana haɗawa da Hausa sai ya juya harshe.

"Hajiya ta faɗi ne? An yi mata wani abu yau? Ki tuna da kyau, 'yar'uwa."

Nadiya ta buɗe baki. Sai a zuciyarta ta hango 'yan sanda a ƙofar Sundus, ta hango dangi na cewa ita ta tona asirin gida.

"Babu komai, Dakta. Sai dai an taɓa yi mata aikin zuciya."

Nan likitoci suka fara bin zuciya, alhali ɓarnar tana wani wuri. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta juya Hajo ta ga ɗige-ɗigen jini da ya taru a bayanta, hoton ƙirji kuma ya fito. Aka ruga da ita ciki.

Da Dakta Yahya ya fito, bai ɗaga murya ba.

"Allura ta huda huhu. Maganin da take sha ya hana jinin tsayawa, ya cika mata ƙirji. Mun yi iya ƙoƙarinmu. Da tun tarin farko aka kawo ta, aka kuma gaya mana gaskiya, da wataƙila... Sai haƙuri."

Nan Nadiya ta gane Hajo ta cika.

Sabiru ya taso daga Yanbu. Bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi mata: "Me ya hana ki kira ni?" 

Ranar ɗaya ga Ramadan Hajo ta shiga Harami kamar yadda 'yarta ta yi buri, amma a kan makara. Bayan sallar la'asar aka wuce da ita maƙabartar Baƙi'a.

Jama'a, allurar Sin aikin ƙwararru ne masu izini, ba abin koya a waya ba. Kafin a soka muku komai, ku tambayi likitanku, ku faɗi maganin da kuke sha. Idan kuma matsala ta taso, ku gaya wa likita gaskiya tun da wuri. Kara da kunya halaye ne masu kyau, amma kada garin neman gira a rasa ido.