Randar Mata Biyu

Malam Hashimu, tunda an ɗora maka shugabancin shiyya a wannan ƙungiya tamu mai kula da masu shanyewar ɓarin jiki, bari in ba ka misali da abin da idona ya gani a hannun wata baiwar Allah da ta riƙe wannan kujera tun kana makaranta.

Rassa da yawa ne a ƙarƙashinta, kuma kowane shugaban reshe majinyatan garinsa kaɗai ya sani. Ita ce mai zagaya su duka. A wani ƙauye na bakin kogi ta tarar da wata dattijuwa mai ginin tukwane, ciwon ya shanye mata ɓarin dama, ya tafi da maganarta. An yi mata gashin ƙashi, an koya mata takawa da sanda, ƙafa ta ɗan dawo, hannu ya ƙi. Kullum takan ja jiki zuwa gindin tsamiyar da take aiki a da, ta sa hannun hagu a yumɓu, ta tayar da gindin randa, ya rushe. Ita randa hannu biyu take so, ɗaya a ciki yana tokarewa, ɗaya a waje yana bugu. Da abin ya ishe ta, sai ta daina fita, ta juya wa ƙofa baya, ta ture kwanon abinci. Ma'aikatan reshen suka ce sun yi iya yinsu, saura addu'a.

Shugabar ta daɗe a zaune tana kallon wannan hannun hagu da ke murza gefen zani kamar yana murza yumɓu. Sai ta tuna da wata da ta gani can a ɗaya ƙarshen shiyyar, ita ma maginiyar tukwane ce, ita kuma hagu ciwon ya ɗauke mata. Bakinta lafiya ƙalau, har ma ya yi yawa, don tun da ta bar sana'a ba wanda ya tsira daga faɗanta. Shugabar ta ce za ta kawo ta ƙauyen bakin kogi, su haɗa hannu da dattijuwar su yi gini tare. 'Ya'yan matar suka ƙi, shugaban reshensu ya ce ba a taɓa yi ba, manyan ƙungiya suka gargaɗe ta cewa in wani abu ya faru a hanya, kujerarta ce za ta tafi. Ta ce ta ji, ta ɗauka a wuyanta. Ta sa likita ya duba matar ya amince, ta yi ta sintiri gidan har 'ya'yan suka sauko, sannan ta zauna kusa da ita a mota tun daga ƙofar gida har bakin kogi.

Kwanakin farko ba su yi kyau ba. Mai baki ta raina yumɓun garin, ta ce yashi ya yi masa yawa, ta yi ta ba da umarni, tana bugu inda babu hannu a ciki, bangon randa na ɓurmewa. Ɗayar ta zare hannunta ta kau da kai. Shugabar ba ta koma ofis ba. Ta ɗaura zani ta zauna tana kwaɓa musu yumɓu. Wata safiya, ko gajiya ce ko kunya, mai baki ta yi shiru. Da ta yi shiru, sai ta fara jin hannun 'yar'uwarta ta cikin bangon yumɓu, tana binsa duk inda ya matsa. Hagu na tokarewa, dama na bugu, randa na tashi. Ina tsaye a wurin, Malam Hashimu. Mata masu zuwa ɗiban ruwa suka sauke tuluna suka tsaya, har tsakar gidan dattijuwar ta cika, amma ba ka jin komai sai bugun nan, daidai wa daida, kamar na mutum ɗaya. Mutum biyu da ba su taɓa sanin juna ba, ɗaya ko sallama ba ta iya amsawa, ga cikin randa ya fito zagaye babu tudu babu kwari.

Da suka kai bakin randar suka gyara shi, mai baki ta dubi ɗayar, ta ce, "Wallahi Yaya, sai na ji kamar hannuna ne a ciki." Dattijuwar ta yi murmushi da rabin bakin da Allah ya bar mata, ta nuna a miƙo mata fura. Ranar da aka gasa randar aka ƙwanƙwasa ta, ta amsa rau, babu tsaga. Hannayen da suka shanye ba su dawo ba, maganar ma kaɗan ce ta dawo, amma matan nan sun yi shekaru suna gini tare, rani a wannan gari, wani ranin a wancan.

To, kai ne yanzu mai ganin rassan nan duka. Rabin abin da wani gari ke kuka a kai yana zaune a wani garin, shi ma yana kuka, kuma ba wanda zai haɗa su sai wanda ya taka ya ga duka biyun. Shi ya sa Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.