Toshin Panno

Ni dai ta kan danga na leƙa, ba na musu. Hindatu 'yar maƙwabcinmu ce a nan Guci, yanzu kuwa dokta ce guda, tana koyarwa a jami'a. Wai a ordinatar, kwamfuta ke nan, take lissafa yadda ƙwayoyin cikin ƙarfe suke riƙe juna. Duk wanda ya zo nemanta sai ya ce ta ajiye injin nan in an ɗaura aure, ita kuma ta sallame shi.

Ranar kasuwa sai ga Mainassara, malamin lakkol, wato makarantar boko ta Kwaya, da ake ce wa Mushe, ya kawo toshi a amalanken jaki. Ba atamfa, ba turare. Panno ne, faifan nan mai jawo wutar lantarki daga hasken rana, da batir.

Gwaggonta Ɗela ta tafa hannu. "Kai yaro, wannan za ta ɗaura ranar biki?"

Ya sunkuyar da kai. "Gwaggo, na ji in ta zo hutu injin yakan mutu mata a tsakiyar lissafi."

Hindatu ta daɗe tana dubansa, ta gyara mayafi.

"Ko an yi auren ba zan daina ba fa, Mushe."

"Ai shi ya sa na sayo babba."

Ta kau da kai tana murmushi. "Gwaggo, a shigar da kayan."

Guɗar da na saki, sai da awakina suka watse.