Gidan Hajiya Tabawa Ba Kowa

"Umma, a cikin kwamfutarsu ma Yaya Nasiba ta rasu?"

Ɗana Mudi ne ya yi tambayar, a gaban jami'in kamfanin wuta da ya zo jin ra'ayinmu. Mutumin ya sunkuyar da kai.

Yanzu kwamfuta ce ke raba wutar lantarki. Sun gina kwafin garinmu iri biyu a cikinta, suna gwada wanda ya fi iya rabo, kuma a kanmu ake gwajin. Kwafin da aka haɗa da layinmu ya ga maƙwabciyarmu Hajiya Tabawa ta tafi Umara, sai ya ɗauka gidan ba kowa, ya yanke wutar. Bai san duk layin nan a firjinta muke ajiye magani ba. Allurar ciwon sukarin 'yata Nasiba ta lalace a zafin bazara.

"Malama, sai haƙuri," in ji jami'in. "A ɗaya kwafin ba a yanke ba. Shi ya ci gwajin."

"To je ka can ka ɗauko mini ita."

Garin kare kansa bakinsa ya suɓuce. Wai duk sa'ad da muka ja wuta da yawa, daga unguwar ma'aikatansu kwamfutar ke yankowa ta cike mana.

Yana fita na yafa mayafi na bi gida-gida. Daga gobe bayan Azahar, kowace mace za ta kunna dutsen guga da rishon lantarki a lokaci guda.

Kai mai karatu, in a unguwar ma'aikatan kake zaune, ka tara ruwa yau, ka kwashe tsofaffinka. Ba mu sa ranar dainawa ba.