Hannu a Cikin Zunguru

Tun daga ƙofar ɗakin hoton ƙashi inda yake aiki Salihu ya gane mayafin. Shi ya sayo shi a Kasuwar Kurmi, shuɗi mai jan baki, ya aika wa Lauratu a toshin sallar bara. Yau ga shi ya shigo asibiti da rana tsaka, an lulluɓa da shi daga ka har ƙasa, Gwaggo 'Yardada, ƙanwar uban Lauratu, tana riƙe da gefensa. Nan take bakin Salihu ya ƙi rufuwa don murna.

Ya daɗe yana neman auren yarinyar nan. Ubanta, Malam Nata'ala maɗori na Madabo, wanda duk mai karaya a birni ya san zaurensa, ya ce shi ba ya haɗa zuri'a da mai leƙen cikin mutane da inji. Tun shigowar shekarar 1957 ko zance ya hana Salihu zuwa.

"An zame a bakin rijiya, an dafa ƙasa da hannu," in ji Gwaggo, tana cizon leɓe. "Ba a so gari ya ji. Kuma kada ka jira magana, kunya ake ji."

"Gwaggo, ai ko ba a yi magana ba an gama mini komai."

Hannun dama ya leƙo daga cikin mayafin, amma a cikin zunguru yake, dogon duman nan da mata ke zura hannu in sun ƙunsa lalle, an naɗe bakinsa da tsumma har gwiwar hannu. Gwaggo ta ce ba za a cire ba.

"A bar shi, kada lallen ya ɓaci," in ji Salihu. "Hasken injin nan ba ruwansa da duma. Amma ke Gwaggo sai ki jira a waje, don ba a so mai lafiya ya sha shi a banza."

Wannan gaskiya ne, sai dai bai taɓa faɗar gaskiyar da ta yi masa daɗi haka ba. Gwaggo ta fita kafaɗunta na rawa.

Da aka zauna, bencin ya yi ƙara. Salihu ya ce a ransa, lalle yarinya ta cika ta yi jiki a watannin nan. Har ƙamshinta ya sauya, man shanu da sassaƙe maimakon turare, amma wa ya isa ya hana 'yar maɗori ƙamshin gidansu? Ya ɗora zungurun a kan fim ɗin hoto, ya jawo kan injin, ya gyara ya sake gyarawa ba don bai daidaita ba.

"Lauratu, kin ga injin nan da aka raba mu saboda shi? Hasken da yake fitarwa ido ba ya gani. Mayafi da duma ratsa su yake kamar ruwa a rariya. Tsoka takan tare kaɗan, sai ta fito dushi-dushi. Ƙashi ya shanye mafi yawa, shi ya sa yake fitowa fari fat. Abu biyu ne kawai na san bai iya ratsawa: dalma, da kan Babanki."

Wani gurnani ya fito daga cikin mayafin. Salihu ya tabbata dariya ce ake dannewa, sai daɗi ya ƙara kwashe shi.

"Wallahi ba raini ba ne. Duk Kano babu hannun da ya kai nasa. Mu nan filasta muke lafta wa mutum, shi kuwa ya shafa sau ɗaya ƙashi ya koma mazauninsa. Da zai yarda, ni hoto shi ɗori, da ko kaza ba ta yi ɗingishi a garin nan ba. Ni dai ko zai kai ni furfura ina nan, ba ni da wata sai ke. Kada ki motsa."

Ya koma bayan allon dalma ya danna. Injin ya yi ƙugi ya yi shiru.

A ɗakin duhu Salihu yana wanke fim yana 'yar waƙa. Hannun Lauratu zai gani, har abin da uwarta ba ta taɓa gani ba. Inuwar duman ta fara fitowa, siririya kamar hayaƙi, sannan ƙasusuwa suka biyo baya. Waƙar ta tsaya.

Yatsu ne kamar taɓare. Gaɓoɓin duk sun cinye, ga wata tsohuwar karaya da ta warke tun ba a haife shi ba, ga kuma sabuwa a saman wuyan hannu. Lalle murna ta sa ya musanya fim da na wani ɗan dako da ya yi wa hoto da safe, kuma a gaban Lauratu zai ji wannan kunyar. Ya fito da fim ɗin yana ɗigar ruwa, yana sosa ƙeya.

"Ki yi haƙuri, sai an sake. Wannan hannun wani tsohon ƙato ne."

Hannun hagu ya fito ya yaye mayafin, furfurar gemu ce ta fara bayyana.

"Tsohon ƙaton ba ya iya ɗora kansa da hannu ɗaya," in ji Malam Nata'ala. "Nuna mini inda ya karye, ka ja bakinka ka tsuke, ran Juma'a ka turo manyanka."